Allurar zafi bayan an sauya inji: tambayoyi da amsoshi

In aka ɗora wa mutum wani inji a nan Maraɗi, abin da yake kasa kunne a kai shi ne ƙara, da hayaƙi, da ƙarfin ja. Agogon zafi sai daga baya ake tunawa da shi, galibi ranar da tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Ga tambayoyin da direbobi da yaran gareji suka fi yi wa mai aikin lantarkin mota a kan wannan agogo, tare da amsoshinsu.

An ɗora mini injin Beljiyam, yana aiki lafiya lau, amma allurar zafi ko motsi ba ta yi. Me ya faru?

Sau da yawa ba abin da ya lalace, wayar ce ba a mayar ba. Makanike ya gama aikinsa na ƙarfe, inji ya tashi, kowa ya yi murna, siririyar waya guda tana can tana reto a bayan kulas, wato kan inji. Fara dubawa daga nan.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuya. A jikin inji akwai ƴar na'ura ta tagulla da aka murɗa cikin hanyar ruwa, ita ce sensa, wasu garejojin suna ce mata sondi. In ruwa na da sanyi, tana tare wuta sosai, kaɗan ke wucewa. Ruwa na ƙara zafi, tana ƙara sakin hanya, wuta mai yawa ta bi ta cikinta zuwa jikin inji, allura kuma ta hau. Don haka waya a cire daidai take da ruwa mai sanyi ƙalau a wurin agogo, allura ta kwanta ke nan.

Gwajin minti ɗaya: murɗa kontak ba tare da tayar da inji ba, ka ɗauki bakin wayar ka taɓa shi a jikin ƙarfen inji, yaro yana kallon tablo. In allura ta miƙe zuwa ja, agogo da waya lafiyarsu ƙalau, matsalar tana wurin sensa. Taɓawa kawai za ka yi ka ɗage, kada ka bar ta manne, don agogon na iya ƙonewa.

Na ga irin waɗannan na'urori biyu ko uku a kusa da juna. Wacce ce ta agogo?

A tsofaffin motoci, mai baki ɗaya ita ce ta agogo. Mai baki biyu a cikin soket na roba galibi ta kwamfutar inji ce, da ita take sanin yawan man da za ta ba inji. Akwai kuma ta fanka, wadda sau da yawa takan zauna a jikin lagireto. A motoci da yawa wannan makunni ce kawai, ko a buɗe ko a rufe, ba ta san tsaka-tsaki ba. In aka jona agogo a kanta, allura za ta kwana a ƙasa, sannan ta yi tsalle zuwa ja lokaci guda.

Masu Peugeot irin su 405 da 306 da 406 sun ɗan huta, don kamfanin ya bambanta su da launi a injina da yawa: shuɗiya ta agogo, koriya ta kwamfuta, mai ruwan ƙasa ta akwatin da ke sarrafa fanka. Amma ka tuna injin da ya ratso teku, ya sauka Lome ko Kwatano, ko ya tsallako daga Kano, ya bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso gare ka. Launi alama ce, mitar auna lantarki ce shaida.

To ai sabon injin ya zo da tasa sensar. Me zai hana in jona wayar a kanta kawai?

Nan ne mafi yawan ɓarnar take aukuwa, kuma ita ce ba a gani. Sensa ba ta inji ba ce, ta agogo ce. Kowane kamfani ya ƙera agogonsa ne a kan lissafin sensarsa: in turjiyarta, wato yadda take tare wuta, ta kai kaza, allura ta tsaya wuri kaza. Ka ɗora injin Toyota a cikin Peugeot, ko na Nissan a cikin Mazda, ka jona wayar, allura za ta motsa, har ma ta yi kamar mai hankali. Sai dai tamkar an auna maka gero da tiyar wata kasuwa ne, kai kuma kana lissafi da tiyar garinku.

Ga misali da lambobi. Ma'aunin turjiya shi ne om. Sensar kamfanin VDO da aka fi sani, mai aiki daga digiri 40 zuwa 120, turjiyarta wajen om 287 ce a digiri 40, ta sauko wajen om 23 a digiri 120. Sensar kwamfuta irin ta Bosch kuwa wajen om 2,500 take a digiri 20, a digiri 80 kuma tana nan wajen om 300. Duba da kyau: abin da ɗaya ke nufi da digiri 80, shi ne ɗayar ke nufi da digiri 40. Agogon VDO da aka jona wa sensar Bosch zai nuna maka inji bai ko ɗumama ba, alhali ya kai zafin aikinsa. Ko ruwan ya tafasa, allurar ba za ta kusanci ja ba.

A ganina allura matacciya ta fi wannan sauƙin haɗari. Mai matacciyar allura ya san ba shi da mai gaya masa, yana tsayawa ya duba ruwa. Mai allurar ƙarya kuwa hankalinsa kwance yake taka mota har Madawa.

Abin yi shi ne a cire sensar agogo daga tsohon injin, a murɗa ta a jikin sabon. Ko da injin iri ɗaya ne, in shekarun ƙira sun yi nisa da juna, gara a yi hakan.

Tsohon injin na riga na sayar wa masu gwangwan, sensar ta tafi da shi.

Je wurin masu kayan mota ka nemi ta motarka, ba ta injin da aka ɗora ba. Faɗi sunan motar da shekararta. In ba a samu ba, sayi sabon agogo wanda ya zo da sensarsa a kwali ɗaya, ka manta da na tablo.

Wani ya ce in ɓare wayar sensar kwamfuta in laƙa ta agogo a jiki, tunda duk zafi ɗaya suke aunawa.

Kada ka yarda, Malam. Kwamfuta tana aika volt 5 ne ta wannan waya, tana karanta abin da ya rage. Agogo kuma daga layin batir yake cin wuta. Ka gama su, kowanne ya ruɗa ɗan'uwansa. Kwamfuta ta ɗauka inji na cikin wani yanayi dabam, sai ka ga mota na shan mai fiye da ƙima, ko tana wuyar tashi da safe lokacin hunturu, ko fanka ta ƙi kamawa a kan lokaci a motocin da kwamfuta ke kunna ta. In an yi rashin sa'a, kwamfutar kanta ta taɓu, ita kuwa kuɗinta ya ninka na sensa sau da yawa.

Akwai sensa mai baki uku ko huɗu da ke ɗauke da biyun a jiki ɗaya, irin ta Volkswagen. Wannan daban take, tun daga kamfani aka raba musu hanya a ciki.

Na kawo tsohuwar sensar, amma haƙorinta bai dace da ramin sabon injin ba.

Abu ne da aka saba gani. Motocin Turai suna amfani da haƙori irin M10, M12 da M14. Na Japan da yawa suna da haƙorin bututu na 1/8 mai layi 28 a inci guda, agogunan kasuwa masu bin tsarin Amurka kuma nasu 1/8 ne mai layi 27. Waɗannan biyun a ido kamar abu ɗaya ne. Za ta shiga zagaye biyu ko uku, sai ta cije. Yaro mai ƙarfin hannu ya sa sifana ya danne, shi ke nan, haƙorin kulas ya tafi, tunda galibi alminiyum ne. Wani lokaci ma gidan tamostat, wato ƴar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, shi ne ke tsagewa.

Magani adafta ce ta tagulla, ko a saya ko mai injin gyaran ƙarfe ya yanko maka. Sharaɗi ɗaya nake gindayawa: ta zama gajeriya. In adafta ta yi tsawo, kan sensar ya maƙale can cikin rami, ruwa mai gudu ba ya wanke shi, iska ma takan taru a wurin. Sai allura ta riƙa makara, ko ta nuna ƙasa da gaskiya. Kan sensar ya leƙo cikin ruwa sosai.

Sai batun farin tef na masu famfo. Sensa mai baki ɗaya ta haƙorinta take samun mas, wato hanyar komawar wuta ta jikin ƙarfen inji. Ka naɗe haƙorin da tef ninki biyar don gudun yoyo, ka toshe mata hanyar wuta, kuma kuskuren da zai biyo baya ta ɓangaren sanyi yake, wato ɓangaren da ke kashe inji. Mai shimfiɗaɗɗen haƙori washar tagulla take so. Mai haƙori mai tsukewa kuma ɗan man liƙi kaɗan ya isa. Bayan an ɗaure, sa mita tsakanin jikin sensar da jikin inji, ya kamata ta nuna kusan sifili.

Ina ne wurin da ya fi dacewa a ɗaura ta?

A jikin kulas, ko a gidan tamostat ta ɓangaren inji, inda ruwa mafi zafi ke fitowa. Dalili: in tamostat ta maƙale a rufe, ruwan cikin inji ne ke tafasa, na lagireto kuwa yana nan da sanyinsa. Sensar da ke bayan tamostat ba za ta ji komai ba sai bayan aikin gama ya gama.

In babu rami ko ɗaya, akan yanka tiyon sama a saka guntun bututun ƙarfe mai ramin sensa. Yana aiki, ba na ƙin sa, amma ka san iyakarsa: a injin da tamostat ɗinsa ke bakin tiyon sama, allura ba za ta ɗaga ba sai tamostat ta buɗe. Kuma roba ba ta ɗaukar wuta, dole a ja wa bututun wayar mas zuwa jikin inji. Wannan ƴar waya ake yawan mantawa. Tiyon ƙasa kuwa ka bar shi, ruwan da ya riga ya huce ne ke bi ta nan.

Na sayi sabon agogo zagayayye. Yaya ake haɗa wayoyinsa?

Cire kan batir na mas tukuna. Yawancin waɗannan agoguna masu faɗin milimita 52 ne, da baki uku a baya, sai na fitila. Ɗaya na wuta, ɗaya na sensa, ɗaya na mas.

Wutar a ɗauko ta daga layin da ke kawowa sai an murɗa kontak, wanda a zanen wayoyin motocin Turai ake rubuta masa 15. Kada a ɗauko daga 30, wannan kai tsaye daga batir yake, agogo zai kwana yana shan wuta. A sa ƙaramin fiyus, amfiya 3 zuwa 5, kusa da inda aka ɗauko wutar. Fitilar agogo ta bi layin ƙananan fitilu, 58. Mas kuwa, wato 31, ni na fi son a ja shi har jikin inji, kusa da sensar, maimakon a maƙala shi a wani sukuri na bayan tablo. Za ka ga dalili a tambaya ta gaba.

Hattara da harafin G. A agogon VDO, G bakin sensa ne. A agogunan tsarin Amurka, S ne na sensa, I na kontak, G kuma mas. Duba takardar da ke cikin kwalin kafin ka jona.

Waya mai kaurin murabba'in milimita 0.75 zuwa 1 ta wadatar, wutar ba ta da yawa. Abin da ke da muhimmanci hanyar da ta bi. A nisanta ta daga bututun salansa, da bel, da fanka. Inda za ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, a sa mata zoben roba. Hanyar Dakwaro da ta ƙauyukan Gulbi ba sa raga wa wayar da ke gugar ƙarfe. A kuma bar mata ɗan sassauci kusa da inji, don inji na jijjiga a kan kujerunsa. Bakin waya a matse shi da kan ƙarfe na gaske. Murɗa zare biyu da hannu a naɗe da baƙin tef, zafin watan Afrilu zai narkar da ƙaron, ƙura ta shiga, tsatsa ta biyo baya, allura ta fara rage gaskiya a hankali.

Da na kunna manyan fitilu ko fanka ta kama, sai allura ta ƙara hawa.

Mas ɗin inji ne ba shi da kyau, kuma bayan sauya inji wannan ruwan dare ne. Akwai kitsattsiyar waya mai kauri da ke haɗa inji da jikin mota. Wajen sauke tsohon inji akan cire ta, wajen ɗora sabo a manta, ko a ɗaure ta a kan fenti da maiƙo. Wutar fitilu tana neman hanyar komawa inji, hanyar ta ƙuntata, sai bambancin ya bayyana a kan agogo. Tayar da inji, kunna fitilu, sa mita tsakanin jikin inji da jikin mota. In ta wuce volt 0.2, kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, ka sake ɗaurewa. Kik ma zai ji daɗi.

In kuma da murɗa kontak allura ke hayewa ja tun inji na da sanyi, wayar sensa ta goge ta taɓa ƙarfe a wani wuri. A wasu tsofaffin motoci, in ka ga allurar mai da ta zafi sun yi sama tare, ƴar na'urar daidaita wuta da ke bayan tablo ce ta gaji.

Yaya zan tabbatar allurar gaskiya take faɗa?

Da tukunya da gawayi. Kafin a murɗa sensar a jikin inji, jona ta da agogon ta doguwar waya, ka ɗaura wata wayar daga jikin tagullarta zuwa mas ɗin mota. Ɗora ƙaramar tukunyar ruwa a kan kurfoti a gefen mota, nesa da inda fetur yake. Rataya sensar da guntuwar waya yadda kanta zai nutse, bakin wayar yana sama a bushe, kuma kada ta taɓa gindin tukunya, don gindin ya fi ruwan zafi. Murɗa kontak. Za ka ga ƙananan kumfa sun fara manne wa tagullar, allura na ɗagawa sannu a hankali. Sa'ad da ruwa ya tafasa sosai yana juyi, a tsayin ƙasar Maraɗi wajen digiri 99 ke nan. Agogo mai lambobi ya nuna dab da 100. Marar lambobi kuma, kalli inda allurar ta tsaya ka riƙe wurin a ka, ko ka ɗiga masa fenti a kan gilashi. Daga ranar ka san ma'anar wannan wuri.

In motar na da soket na OBD, wato inda ake jona na'urar karanta kwamfutar mota, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a na fetur na Turai kuma tun 2001, ƴar na'urar da ake haɗawa da wayar salula za ta nuna maka zafin da kwamfuta ke gani, ka gwada da na allura.

Ba za a iya saka resisto, wato ƴar na'urar rage wuta, a kan wayar a daidaita allurar ba?

A wuri ɗaya tak zai gyara. Turjiyar sensa ba a miƙe take sauka ba: tana faɗuwa da sauri a ƙananan digirori, ta riƙa raguwa kaɗan-kaɗan a can sama. Resiston da ya kawo allura tsakiya a digiri 85 zai iya hana ta kaiwa ja a digiri 115. Allura ta yi kyan gani, amfaninta ya tafi.

Motata ba ta da wayar sensa da ke zuwa tablo ko kaɗan. An cire kwamfutar an mayar da injin na kafireto.

A motoci da yawa daga shekarun 2000 zuwa yau, sensa ɗaya ce, tana gaya wa kwamfuta, kwamfuta ta aika wa tablo saƙo. An cire kwamfuta, ko an sa wata da tablo bai san yarenta ba, allura ta zama ado. Babu wayar da za a jona ta farfaɗo. Agogo na daban da sensarsa, shi ne mafita mafi araha.

A ina ya kamata allura ta tsaya? Ni an cire mini tamostat, an ce ƙasarmu da zafi.

Galibin tamostat suna fara buɗewa tsakanin digiri 82 da 90, lambar tana rubuce a jikinsu. Inji mai lafiya yana aiki kusa da nan, ya ɗan haura a cunkoson bakin babbar kasuwa da tsakar rana, fanka ta kama ya sauko. Haura 100 kaɗan ba tafasa ba ne in murfin lagireto na riƙe matsi: murfi mai riƙe matsi na bar 1 yana kai tafasar ruwa wajen digiri 120. Shi ya sa rubabben murfi ke jawo zafin da ake ɗora wa inji laifinsa.

Cire tamostat al'ada ce da ta yi ƙarfi a garejojinmu, ni dai ban goyi bayanta ba. Inji yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman safiyar Disamba da Janairu, ya sha mai, ya ci jikinsa. In mota na zafi a bazara, a wanke lagireto, a duba fanka da famfon ruwa. Kuma ruwan rijiya yana barin farin gishiri a hanyoyin ruwa har da kan sensar kanta, ya sa ta jinkirin ji.

Ina kan hanyar Tasawa allura ta hau har kusa da ja, can kuma sai ta sauko da kanta. Na ce alhamdu lillahi. Daidai ne?

Alhaji, wannan saukowar ta fi hawan ban tsoro. Sensa ruwa take ji. In tiyo ya fashe ruwa ya tsiyaye, kanta ya koma cikin iska da tururi, sai allura ta faɗo alhali kulas na gasuwa. Ka ga haka, sauka gefen hanya ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce har kana iya riƙe tiyon sama da hannu, kuma kada ka sheƙa ruwan sanyi cikin inji mai zafi.

A kwanakin farko bayan sauya inji, allura mai hawa da sauka tana iya nufin iska ce ta maƙale a hanyar ruwa. A buɗe sukurorin fitar da iska in injin na da su, a cika ruwa, a bar shi ya yi zafi har tamostat ta buɗe, a sake cikawa bayan ya huce.

Agogon nan mai siririn bututun ƙarfe, wanda ba ya bukatar lantarki, ya fi?

Ga babbar mota, tarakta ko injin ban ruwa na fadama, yana da daɗin sha'ani: ba ruwansa da mas, yana nuna zafi ko inji a kashe. Amma bututun a rufe yake da ruwa na musamman a ciki. Ba a yanka shi, ba a lanƙwasa shi da ƙarfi. In ya yi tsawo a naɗe ragowar da faɗi a ɗaure. Kansa kuma ya fi na sensa girma, sai an sami rami mai faɗi. Masu manyan motoci da suka zaɓi na lantarki su duba kwalin tukuna, don da yawa daga cikin motocinsu volt 24 ne, agogon volt 12 kuwa ba zai jure ba.